Rangadin Zainulabidin da Yaro Mai Satar Albasa

Malam Zainulabidin na unguwarmu a Bodinga ya rubuta littafi. Ban ce ya karanta littattafai da yawa kafin ya rubuta nasa ba. Shi da kansa yana cewa karanta na wasu yana gurɓata wa mutum basira, kuma a iya sanina ya kiyaye tasa basirar da kyau. Littafin na yara ne, siriri, an buga shi a wani shago a Sakkwato. Hoton marubucin ya cinye bangon baya duka, har hularsa ta ɗan leƙo bangon gaba.

Tun ranar da aka sauke kwalayen a zaurensa ya daina amsa sunan Malam Zainu. In ka kira shi haka a teburin mai shayi, sai ya waiga baya ya ga da wa kake. Marubuci yake so a ce. Ya kuma ajiye Hausar da aka haife shi da ita ya koma ta littafi, har gaisuwar safe. A makon nan ne ya je makarantar da yake koyarwa ya ajiye aiki, ya yi wa sauran malamai jawabin ban kwana wanda a ciki ya yafe musu rashin gane ko shi wane ne.

Ba don komai ya yi wannan ƙarfin hali ba sai don Alhaji Mainasara, babban dillalin albasa na Shagari, wanda ke da makarantu nasa na kansa a Shagari da Kajiji. Alhaji ya ce yana neman littafin Hausa da za a riƙa karanta wa yaran makarantunsa. In aka ɗauki na Zainulabidin, ya samu abin yi na shekaru. In ba a ɗauka ba, yana da zaure cike da kwalaye, ba aiki, ga jawabin ban kwana da kowa ya haddace.

Amma ya yi dabara, kuma bai iya riƙe ta a ciki ba. Ni maƙwabcinsa ne, katangarmu kuwa gajera ce.

"Safinatu," na ji yana ce wa matarsa, "kin san sunan da na sa wa jarumin littafin? Mainasara. In Alhaji ya ji sunansa cikin littafi, magana ta ƙare."

"To, mi yaron ka yi cikin littahin?"

"Yana satar albasa."



"A shafin ƙarshe yana tuba," in ji shi. "Ke ba ki san adabi ba."

"Awo, ban san shi ba. Allah shi sa Alhaji ya san shi."

Shirin shi ne rangadi. Zai fara da Bodinga, ya wuce Dingyaɗi, sannan ya sauka Shagari a lokacin da sunansa ya riga shi isa. Ya yi shatar Keke Napep ɗin Nuhu, aka ɗaure lasifika a rufinsa, aka rataya ƙyalle mai hotonsa a baya. Ni kuma aka naɗa ni mai gabatarwa, saboda, in ji shi, babban mutum ba ya faɗin girmansa da bakinsa. Ya rubuta mini abin da zan faɗa.

Ranar farko hadari ya haɗu a gabas. Don kada ruwa ya taɓa littattafai, ya zuba su cikin shuɗiyar kular Safinatu, mai igiyar ratayawa. Ya ɗora wata koriyar riga marar hannu a kan kaftaninsa, wadda tela ya rubuta wa MARUBUCI a baya. Haka ya shiga harabar wata firamare a Bodinga, kula a kafaɗa, yana murmushi yana miƙa wa yara hannu.

Wani yaro da ke bakin famfo ya dubi rigar, ya dubi kular.

"Masu allura!"

Ban taɓa sanin taga tana ɗaukar yara da yawa haka a lokaci guda ba. Kafin Nuhu ya kashe keken, babu kowa a azuzuwa sai takalma. Wasu sun haura katanga, wasu sun shige gero. Hedimasta ya fito yana gyara tabarau.

"Sannunku da aiki. Amma ba a sanar da mu rigakahi yau ba."

"Ni marubuci ne."

"To, ka rubuta ba ka iske kowa ba."

Muna cikin haka wata tsohuwa ta shigo tana jan jikanta da ƙarfi, yaron yana turjewa. Ta tsaya gaban Zainulabidin ta matse kumatun yaron har bakinsa ya buɗe.

"Ɗiga mishi, ɗana. Wancan zuwan ɓoyewa yay yi."

"Inna, littafi ne a ciki."

"Ko mi na, ɗiga mishi kaɗan. Daga nesa munka zaka."

Muka kama hanyar komawa gida. Da muka kusa unguwa Zainulabidin ya yi ajiyar zuciya.

"Kwarjini," in ji shi. "Dole in koyi rage shi in zan shiga cikin yara."

Nuhu ya ce lalle kam, a rage.

Dingyaɗi muka je ba riga ba kula. Can an shirya mana. Hedimastan, Malam Yahaya, mutum ne mai tsari, ya jera yara ƙarƙashin bishiyar dogon yaro, kowa ya harɗe hannu, shi kuma yana zagayawa da tsumagiya a bayansa. Na karanta gabatarwar da aka rubuta mini, wadda ta kwatanta Zainulabidin da abubuwa da dama, ciki har da kogi. Sannan ya miƙe, ya buɗe littafi, ya gyara murya.

"Wata rana..."

"WATA RANA!" in ji yaran gaba ɗaya.

Ya dube ni da ido mai ƙyalli. Wannan shi ne abin da ya daɗe yana cewa za a yi.

"A wani gari mai albarka..."

"A WANI GARI MAI ALBARKA!"

A shafi na biyu murmushin ya fara gajiya. Duk jimlar da ya fara, kafin ya kai inda ya ɓoye gwanintarsa, an tare ta an maido masa da rabi. Ya ɗaga hannu.

"To, yanzu ku saurara kawai."

"TO, YANZU KU SAURARA KAWAI!"

"A'a, ba maimaitawa za ku yi ba."

"A'A, BA MAIMAITAWA ZA KU YI BA!"

Ya yi tari. Yaran Dingyaɗi suka yi tari, a tare, da ladabi.

"Malam Yahaya, don Allah ka yi musu magana."

"MALAM YAHAYA, DON ALLAH KA YI MUSU MAGANA!"

Malam Yahaya ya matso ya rage murya. "Marubuci, shekara da shekaru muna horon ɗiyan ga bisa wanga tsari. Duk abin da babba yac ce gaban aji, su maimaita. Kada ka ɓata muna aiki rana guda."

Wani mutum zai rufe littafi ya yi godiya. Zainulabidin ya yanke shawarar ya fi su murya. Ya ɗaga, suka ɗaga. Ya ƙara, suka ƙara, su kuwa suna da yawa kuma sun karya da fura. Wasu mata da ke dawowa daga rijiya suka tsaya suna tambaya ko wa'azi ne ko rabon gado. Ya kai tsakiyar littafi jijiyoyin wuyansa a tsaye, daga nan muryar ta tsage kamar tsohon zane, ta bar shi.

Aka ba da damar tambayoyi. Wata yarinya, Mufida, ta ɗaga hannu ta miƙe tana nuna bangon baya.

"Malam, wanga tsoho da anka sa hotonai, rasuwa yay yi?"

Zainulabidin ya buɗe baki, iska kawai ta fito. Malam Yahaya ya amsa a madadinsa cewa yana nan da ransa, ga shi ma a tsaye. Yaran suka maimaita.

Washegari ne Shagari. Safinatu ta dafa masa citta da kanumfari da zuma, ta ce ya aika a ɗaga ranar. Ya girgiza kai, ya yi mata raɗa cewa tarihi ba ya jira. Ta ce tarihi dai bai da maƙogwaro.

Alhaji Mainasara ya yi abin kirki. An kafa rumfa a filin makaranta, an jera kujeru, yara sun cika gaba cikin fararen kaya. Shi kansa yana zaune a tsakiya cikin babbar riga, mutum mai jiki da natsuwa, carbi a hannu. A damansa akwai Arzika, taubashinsa, ɗan ƙanwar mahaifinsa, wanda al'ada ta ba shi izinin faɗa wa Alhaji duk abin da ya ga dama, kuma bai taɓa barin izinin ya lalace ba. A hagu Hajiya Balaraba, matar Alhaji, ita ce shugabar makarantar. Bayansu mataimakinta, Malam Abdulƙadir, wanda Alhaji ya ɗauki nauyin karatunsa tun yana yaro, har yau bai iya tsayawa miƙe a gabansa.

Zainulabidin ya yi wa Nuhu alama ya juya lasifika ta fuskanci kasuwa.

"Marubuci, yau kasuwa ka ci," in ji Nuhu.

"Shi ya sa," in ji shi cikin raɗa.

Da yake ba murya, sai ya ƙara wata dabarar a kan ta farko. Ya sa na sanar cewa marubuci, don ƙarfafa wa yara gwiwa, ya bar karatun ga ɗaliba mafi hazaƙa, wato Juwairiyya, 'yar Alhaji. Aka yi tafi. Yarinyar ta fito, mai natsuwa kamar ubanta, ta karɓi littafi da makirufo, ta buɗe. Ta dubi shafin. Ta dubi ubanta. Ta matso kusa da Zainulabidin.

"Malam, sunan Baba na."

Ya gyaɗa kai da fara'a, ya yi mata alama ta ci gaba.

"Ba ni iya hwaɗin shi."

Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san ɗiyar kirki ba ta kama sunan ubanta, ko a littafi, ko a allo. Zainulabidin ma ya sani, don 'yarsa ba ta taɓa kama nasa ba. Sai dai lokacin da yake rubutu hankalinsa yana wajen kogi. Ya nuna mata shafin da yatsa da ƙarfi. Yarinyar ta yi abin da ake yi in an haɗu da mai irin sunan.

"Wata rana, a wani gari mai albarka, akwai wani yaro, mai sunan Baba."

"MAI SUNAN BABA!" in ji yaran Shagari, waɗanda ashe tsarinsu ɗaya da na Dingyaɗi.

Alhaji ya ɗago kai. Hajiya ta raɗa masa wani abu, ya yi murmushi ya gyaɗa wa marubuci kai. Zainulabidin ya dube ni, ya dubi Nuhu, ya dubi sama. A wannan lokacin, in za a yi adalci, littafin ya shiga makarantun Alhaji.

Yarinyar ta ci gaba. Mai sunan Baba ya tashi da safe. Mai sunan Baba ya fita. Mai sunan Baba ya ga wani lambu. Na lura fuskar Zainulabidin tana yamutsewa. Ya jawo hannun rigarta, ya yi raɗa, makirufo kuwa ya ɗauka ya kai kasuwa.

"Ya yi tsawo. Kina kashe mini daɗin jimla. Gajarta."

Juwairiyya yarinya ce mai biyayya.

"Baba ba ya son wanka."

"BABA BA YA SON WANKA!"

Carbin Alhaji ya tsaya.

"Baba ya duba gabas, ya duba yamma, bai ga kowa ba. Baba ya tsallake shingen lambu. Baba ya cika rigarsa da albasar mutane."

"BABA YA CIKA RIGARSA DA ALBASAR MUTANE!"

"Ci gaba, ɗiyata," in ji Arzika, yana gyara zama. "Allah shi yi miki albarka. Ni dai na san za a rubuta wata rana."

Hajiya Balaraba ta miƙe da sauri ta karɓe littafin daga hannun 'yarta, ta ce yarinya ta gaji, ita za ta ƙarasa. Ta tsallake shafuka don ta wuce wurin satar. Sai da ta kai makirufo baki ta tuna cewa ita ma, tun ranar ɗaurin aure, sunan bai taɓa fita daga bakinta ba.

"Da mai lambu ya biyo shi da sanda, sai... sai Alhaji ya ruga a guje. Wandon Alhaji ya maƙale a ƙaya. Alhaji ya bar shi nan."

"ALHAJI YA BAR SHI NAN!"

Ban ce Hajiya ta ji daɗi ba. Na dai lura ba ta yi sauri ba, kuma sai da ta kai ƙarshen shafin ta miƙa wa Malam Abdulƙadir.

Malam Abdulƙadir ya karɓi littafin da hannu biyu kamar garwashi. Ya rusuna wajen Alhaji, ya share gumi, ya nemi jimlar da ba ta da sunan, bai samu ba. Marubucin ya zuba shi ko'ina don Alhaji ya ji daɗi.

"Aka kama... ranka shi daɗe. Aka kai ranka shi daɗe gaban mai unguwa. Aka kwantar da ranka shi daɗe..." Ya tsaya. "Ranka shi daɗe, in ci gaba?"

"RANKA SHI DAƊE, IN CI GABA?"

"Ci gaba," in ji Arzika. "Bulala nawa?"

Zuwa lokacin kasuwa ta fara zuwa da kanta. Manoman albasa, masu ɗinkin buhu, 'yan acaɓa daga Kajiji, duk sun jeru a kan katanga. Da yawansu sun shekara suna gunaguni a kan girman buhun da Alhaji ke awo da shi, kuma ba su taɓa zaton za a kawo maganar makaranta ba.

Sai a nan Zainulabidin ya ga akwai 'yar matsala. Ya fizge littafin da makirufo, ya buɗe shafin ƙarshe, inda maganin yake. Ya tattaro ragowar muryarsa, wadda ta fito kamar ta ɗan akuyan da ya kwana cikin ruwa.

"Mainasara ya tuba! Mainasara ya ce ba zai ƙara satar albasa ba!"

Haka, tsirara, ba Alhaji ba komai, a gaban matarsa da 'yarsa da kasuwar Shagari. Yaran suka rarrabu a kan sunan. Wasu suka ce Baba, wasu Alhaji, wasu ranka shi daɗe. Amma a kan sauran jimlar bakinsu ya zo ɗaya.

"YA TUBA! BA ZAI ƘARA SATAR ALBASA BA!"

Arzika ya miƙe ya ɗaga hannuwa sama. "Alhamdu lillahi! Jama'a, a yi Fatiha, Allah shi sa ta ɗore!"

Amin ɗin da ta taso daga kan katanga ta fi ta ranar Idi.

Alhaji Mainasara bai ɗaga murya ba. Ya jira hayaniya ta kwanta, ya sa carbi a aljihu, ya yafito marubuci da yatsa ɗaya. Zainulabidin ya zo ya durƙusa.

"Malam, mi sunanka na yanka?"

"Zainulabidin, ranka ya daɗe."

"Suna mai kyau. Littahinka ma ya yi, ɗiya sun so shi, ka gani da idonka. Suna ɗai anka kuskure. Koma ka karanta muna tun daga hwarko, duk inda ka ga nawa ka sa naka. In mun ji ya zauna, sai mu gani."

Nuhu ya taɓa ni ya ce ya kamata a tafi. Na yi wa Zainulabidin alama. Bai gan ni ba. Abin da ya ji kawai shi ne littafi ya yi, da sai mu gani. Ya miƙe, ya gyara hula, ya koma shafin farko.

Ya karanta shi duka. Muryar, ko da makirufo, da ƙyar take kai layin gaba, amma ba a yi asara ba, yara sun isar. Zainulabidin ba ya son wanka. Zainulabidin ya tsallake shinge. Zainulabidin ya bar wandonsa a ƙaya. Juwairiyya, wadda yanzu babu abin da ya ɗaure mata harshe, ita ke jan baki. A wurin bulalar har ya ɗan yi wasan kwaikwayo da hannu, don a ga marubuci ya san aikinsa. Da ya tuba a shafin ƙarshe aka yi tafi mai tsawo, ya rusuna ta kowane ɓangare, ya juyo wajen Alhaji yana haki.

Alhaji ya karɓi makirufo.

"Jama'a, kun ji da kunnuwanku, ba ni nac ce ba. To ku gaya mini. Ni da ke sana'ar albasa, in ɗauki littahin mutumin da yat tsaya gaban kasuwa yac ce da bakinai shina satar ta, in ba ɗiyan mutane su karanta?"

"A'a!" in ji katanga.

"Kun ji, Malam. Ba ni na ƙi ba." Ya miƙa wa Malam Abdulƙadir makirufo. "Amma tunda ya tuba, a ba shi ruwa shi sha."

Muka loda kwalayen kamar yadda muka sauke su. Hanyar fita ɗaya ce, ta tsakiyar kasuwa, kuma Nuhu bai iya sauri saboda jama'a. Muna shiga layin 'yan albasa, na farko ya hango hoton da ke bayan keken, ya jawo buhu ya rufe kasonsa. Na kusa da shi ya yi haka. Kafin mu kai ƙarshen layin babu albasa ko ɗaya a buɗe, wani dattijo ma ya zauna a kan tasa.

Zainulabidin ya daɗe yana kallonsu ta gefen keken. Sannan ya matso kusa da kunnena.

"Ka gani?" in ji shi cikin raɗa. "Ko gabatar da ni ba ka yi ba, sun gane ni."